Darasi A Kan Cikin Fari Da Kunyar Da Ke Cutarwa

Darasinmu na yau a kan mai cikin fari ne.

A al'adarmu, yarinya tana ɓoye cikin fari saboda kunya, uwa tana kau da kai, miji kuwa ya yi shiru. Sai naƙuda ta zo mata ba ta san komai ba. Alhali Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu. Wanda ya san abin da zai tsirar da rai, wajibi ne ya faɗa.

A sanar da ita awon ciki tun watannin farko. A can ake duba hawan jini, a yi allurar tetanus, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke yawaita a bakin Komadugu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8. A kula da ruwan da take sha: annobar ciwon hanta ta 2017 a jihar Difa, masu ciki ta fi kashewa.

A sanar da ita alamomin da ba a jira da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, jijjiga, ko yaro ya daina motsi. Naƙudar da ta wuce awa 12, wato daga asuba har magariba, ta asibiti ce. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, kuma ƙananan mata ta fi kamawa. Muna yin addu'a, haƙiƙa, amma a kan hanya ake yin ta, ba a jinkirta tafiya dominta.

Ku magidanta, goyon ciki bai sauke muku nauyi ba. In za ta haihu gidan iyayenta a ƙauyen Geskeru ko Shetimari, ku tuna Komadugu kan cika ya yanke hanyoyi bayan damina. Ku tanadi kuɗin mota, ku ba da izinin fita tun kafin ranar, ko kuna gonar tattasai, domin a kai ta Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Difa ba tare da an tsaya nemanku ba.