Buga Hoto da Lino Bisa Hanyar Mutanen Japan

Kowane malamin makaranta ya san wahalar koya wa yara talatin abin da ba su taɓa gani ba, alhali hoton abin guda ɗaya ne a hannunsa. In ya zana a babban allo, kafin gobe an share. Saboda haka ya kamata mu da muke shirin aikin malanta mu san wata sana'a wadda mutum zai sassaƙa hoto sau ɗaya, ya buga shi sau ɗari, ba tare da injin ɗab'i ba. Ita ce buga hoto da lino, wadda ƙungiyoyin masu sana'ar hannu a Ingila sukan koyar a ɗakunan aikinsu.

Shi lino asalinsa abin shimfiɗa ne a daɓen ɗaki. Wani Bature, Frederick Walton, shi ya ƙago shi a Ingila wajen 1863. Ana yinsa da man 'ya'yan tsiron da ake saƙa lilin da zarensa, a bar man ya daskare, a gauraya da ƙaro da garin katako, a shimfiɗa bisa algarara. Ba shi da jijiya irin ta itace, don haka wuƙa tana bin duk inda aka nufa da ita.

Amma dabarar buga launi iri iri, wannan daga Japan aka koyo ta. Mutanen can bisa katako suke sassaƙa. A 1765 Suzuki Harunobu ya fitar da hotuna masu launi da yawa a takarda ɗaya. Bayansa aka yi Hokusai, wanda ya rasu a 1849, mai hoton nan na babbar igiyar ruwa ta taso za ta rufe jiragen masunta, dutsen Fuji yana can nesa ɗan ƙarami. A wurinsu aikin na mutum huɗu ne: mai zane, da mai sassaƙa, da mai bugawa, da mai kuɗin da ya ɗauke su aiki. Da Japan ta buɗe wa baƙi ƙofa a 1854, hotunan suka bazu a Turai. Daga 1926 Claude Flight ya shiga koyar da sassaƙar lino a makarantar Grosvenor ta London, inda ɗalibi ɗaya yake yin zane da sassaƙa da bugu duk shi kaɗai.

To, ga yadda aikin yake. Da farko a zana hoton a takarda marar kauri, a kifa ta bisa lino, a goga bayanta har zanen ya hau. Dalilin kifawar shi ne abin da aka buga yakan fito a juye, kamar hatimi, dama ta koma hagu. Wanda ya sassaƙa rubutu daidai yadda ake karanta shi, sai da madubi za a karanta abin da ya buga.

Sa'an nan a ɗumama lino kaɗan don ya yi laushi, a ɗauki ƙarfen sassaƙa. Akwai mai tsinin baki na jan layi, akwai mai baki kamar indararo na kwashe fili. Kullum hannun da ya danne lino ya zauna a bayan ƙarfen, kada ya sha gabansa. A nan ne babban darasin yake: duk inda aka kwashe fari zai fito, inda aka bari shi ne zai ɗauki tawada. Mu da muka taso da allo mun saba in alƙalami ya kuskure a wanke a sake. Nan kuwa babu wanki, abin da wuƙa ta ɗauke ya tafi. Mai zanen ƙwarya ya fi kowa sanin wannan. Don haka gwani yakan daɗe yana duba kafin ya yanka, kuma yakan bar fili fari da gangan, yadda masu zanen Japan sukan bar farar takarda ta zama ƙanƙara ko kumfar teku.

In hoton mai launi uku ne, sai a sassaƙa lino uku, kowane launi da nasa. Yaya za a yi su faɗa wuri ɗaya? Mutanen Japan suna da wata alama da suke kira kento: ƙusurwa guda da ɗan miƙaƙƙen layi, a sassaƙe a gefen kowane katako, wuri ɗaya ba bambanci. Kowane bugu sai a sa gefen takarda a cikinsu. In an yi sakaci da kento, sai a ga jan bakin tsuntsu ya koma kan wuyansa. Akan fara da launi mai haske, a ƙare da mai duhu.

Wajen bugu, su da ruwa suke dama launinsu, su sa ɗan kunun shinkafa, su shafa da buroshi. Masu lino galibi tawadar mai suke murzawa da ɗan mulmulallen roba. Sai a ɗora takarda, a goga bayanta da baren, watau wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Wanda ba shi da baren, bayan cokali ya ishe shi. A ɗaga ƙusurwa ɗaya a leƙa, in tawada ba ta kama ba a mayar a ƙara gogawa.

Shawararmu ga mai farawa ita ce ya zaɓi abu mai sauƙi, ganye ko kifi, da baƙar tawada kaɗai. In hannu ya faɗa, ya shiga taswira da manyan baƙaƙe na 'yan aji ɗaya, kowane yaro ya tafi gida da nasa. Sannu ba ta hana zuwa.