Tsakanin Wasa da Zanen Talla

Tambaya: Malam, Clash of Clans na cinye mini dare, alhali ina so in koyi zana tallan shaguna. Da wace manhaja zan fara? Wani matashi daga Tibiri.

Amsa: Ƙanena, wasan nan da kamfanin Supercell na Finlan ya fitar a 2012 kyauta ake sauke shi, amma an gina shi a kan jira, don ka gaji ka sayi duwatsun gaggauta gini. Ka yanka masa lokaci bayan isha'i, kada ka sa masa ko dala.

Tunda waya ce a hannunka, fara da PixelLab, domin tana aiki ko babu intanet, ko da aiki ya kai ka ƙauyukan Jiratawa. Canva ta fi ta samfura masu kyau, sai dai tana cin data, wasu hotunanta kuma sai an biya. Babban allo na shagon Babbar Kasuwar Maraɗi yana son kwamfuta da CorelDRAW ko Inkscape ta kyauta, saboda zanensu ba ya dusashewa in an faɗaɗa shi. Kafin ka miƙa aiki, duba ko salon rubutun ya fito da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ daidai. Da yawa ba su da su.