Kafin Ka Zargi Inji, Duba Tiyo: Shawara ga Manoman Rani na Jega, Aliero da Maiyama

Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Maiyama da sassafe a watan Fabrairu zai ji ƙugin injinan ban ruwa tun kafin ya hango masu su. Daga fadamun Gulbin Zamfara har lambunan albasa na Aliero, wannan ɗan inji shi ya gaji jigo, kuma shi ne ke cin kaso mafi tsoka na jarin manomin rani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar bakin lambu ba ta wuce ta mai: lita nawa ka ƙona jiya, fangali nawa ka shayar da ita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kaso mai yawa na man nan ba ruwa yake ɗagowa ba, iska yake ja. Na taɓa yini a lambun wani ƙanena a gefen Jega, ruwa na fitowa yana tsittsinkewa yana tofar da kumfa. Ya ƙara wa inji wuta har ƙararsa ta cika fadama, bai ga canji ba. Ya riga ya yanke shawarar ɗora shi a babur zuwa wurin bakanike. Na ce masa, "Ƙanena, bari mu bi tiyon zuƙa tukuna." Sai ga 'yar tsaga a wuyan tiyon, daidai inda aka ɗaure shi da bakin inji, wadda ko tsinken ashana ba zai shiga ba. Muka yanko robar tsohon tub na babur muka naɗe wurin tam. Nan take ruwa ya cika bakin tiyo. Kwana uku ya yi yana ƙona mai a kan tsagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin nan ya kamata kowane manomi ya fahimce shi. Inji ba ya jawo ruwa yadda mutum ke jawo guga da igiya. Iskar da ke sama da mu tana da nauyi, tana danne fuskar gulbi da ta rijiya dare da rana. Aikin farfelar inji kawai ta rage matsi a cikin tiyo, sai nauyin iskar waje ya turo ruwan sama. Wannan nauyi yana da iyaka: ba zai iya ɗaga ruwa sama da kamar mita 10 ba, ko da wane irin inji aka kawo. A aikace ma injinanmu na inci 2 da inci 3 ba sa wuce mita 7 zuwa 8, kuma da zarar tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin inji ta kai mita 5 ko 6, za ka ga ruwan ya fara raguwa sosai. To idan aka sami ƙofar da iska za ta kutsa cikin tiyon zuƙa, komai ƙanƙantarta, ta ɓata lissafin gaba ɗaya. Tsagar da ke gefen turawa za ta nuna kanta, don za ka ga ruwa na tsartuwa. Ta gefen zuƙa ba ta ɗigar da komai yayin da inji ke aiki, shi ya sa take wahalar da mutane.

Saboda haka kowace safiya, kafin ka ja igiya, ka bi gefen zuƙa da ido da hannu. Tiyon ya zama mai ƙarfi mai zobba, wanda ba ya motsewa. Ya zama gajere iya yiwuwa, kuma ya riƙa hawa kai tsaye daga ruwa zuwa inji, kada ya yi ƙusumbi a tsakiya, domin a nan iska ke taruwa ta zauna. Robar da ke cikin mahaɗi ta kasance lafiyayya. Idan ta bushe ta tsage, canza ta, kuɗinta bai kai na rabin litar mai ba. Idan a gulbi ko tafki kake zuƙa, nutsar da bakin tiyo kamar rabin mita ƙarƙashin ruwa don kada ya riƙa haɗiyar iska, sannan kada ka bar shi kwance cikin taɓo. Sa shi cikin kwando ka rataye a turke. Yashin Gulbin Zamfara yana cinye farfela a hankali, ba ka ankara sai ta yi sulɓi. Kuma kada ka tada inji ba ka cika tukunyarsa da ruwa ba. Mintuna kaɗan na gudu a bushe sun isa su ƙone sil.

Daga watan Maris zuwa Afrilu ruwan ƙasa yana ja baya, rijiyoyin burtsatse na fadama su fara gardama. Alamarsa ita ce ka ji inji na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa. Ƙara wuta a wannan hali ɓarna ce. Magani shi ne a matso da inji kusa da ruwa: a tona rami a gefen rijiyar a saukar da shi mita 1 ko 2. Manoma da yawa sun san wannan dabara, amma ina roƙo da babbar murya, ramin ya zama mai faɗin baki, kuma kada kowa ya zauna ciki inji na aiki. Hayaƙin fetur yana ɗauke da guba marar wari da ke taruwa a wuri matsattse, tana sumar da mutum ba tare da ya ji komai ba. Yara ne suka fi shiga don gudun rana. A hana su.

Yanzu ga batun saifon, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Nauyin iskar nan da inji ke ƙona mai don ya yi amfani da shi, saifon yana amfani da shi kyauta. Lanƙwasasshen bututu ne kawai, baki ɗaya cikin ruwa, ɗayan a waje a ƙasa da fuskar ruwan. In dai an cika shi da ruwa babu iska a ciki, zai tsallaka da ruwa ta kan gaɓa ya yi ta kwarara har sai an cire shi. Wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tankin mota da mesa ya riga ya san shi. Manoman Kadawa da Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga, da na Bakolori a Talatar Mafara, sun daɗe da shi suke ɗebo ruwa daga magudana zuwa gona. Mu nan mun fi sabawa da fasa gaɓa da fartanya, mu toshe da laka, mu sake fasawa a gaba. Kowace fasawa tana zaizaye ƙasa, tana binne dashen albasa na bakin fangali, ruwa kuma ya yi ta sulalewa ta tsofaffin wuraren da aka toshe.

Ga yadda ake haɗa saifon da inji. Nemo wuri mafi tudu a gonarka, ko da tazarar taƙi ɗaya ce ta hannu. A nan za ka sauke bakin tiyon turawa, cikin rabin duro ko ɗan kwarmin da ka shimfiɗa wa leda, don kada ƙarfin ruwa ya tona ƙasa. Daga nan ka gina hanyar ruwa mai gaɓa biyu wadda ta ɗara fangulanka tsawo, yadda fuskar ruwan cikinta za ta fi ƙasan fangali da santimita 10 zuwa 20. Inji ya ɗaga ruwa sau ɗaya ke nan, sauran rabon na saifon ne. Ka yanko bututun roba mai faɗin inci 1 da rabi ko inci 2, tsawon kamar mita 1 da rabi, ka ɗumama shi a wuta ka lanƙwasa. Idan ka cika shi da yashi kafin ka ɗumama, ba zai motse a gwiwar ba.

Tada shi ba wuya. Nutsar da bututun gaba ɗaya cikin hanyar ruwa har kumfa ta daina fita, toshe baki ɗaya da tafin hannu, tsallakar da shi ta kan gaɓa, sai ka saki hannun a ƙasa. Waɗanda suka ƙware ba sa ma nutsarwa duka, suna girgiza bututun gaba da baya suna buɗe tafin hannu suna rufewa, sau uku ko huɗu ruwa ya kama. Yaro ɗan shekara 12 zai koya a yini guda. Abu ɗaya dai, kada a tada shi da baki. Ruwan gona yana ɗauke da taki da maganin feshi.

Lissafinsa ma mai sauƙi ne. Bututu mai inci 2, idan ruwan hanya ya fi bakin fitarsa tsawo da santimita 10, yana ba da kusan lita 100 a minti ɗaya. Injin inci 3 ana rubuta masa wajen lita 1,000 a minti, amma wannan lissafin kamfani ne a inda babu hawa. A gona, da zurfin rijiya da tsawon tiyo, abin da ke fita ya gaza haka nesa. Ka gwada naka da duro mai lita 200 da agogon waya. Idan ya cika a daƙiƙa 20, kana samun lita 600 a minti, wato saifon 6 ne za su kwashe ruwan daidai. Idan ka ga hanya na neman ambaliya, ƙara ɗaya. Idan tana ƙafewa har bututu na shan iska, cire ɗaya. Ka kuma sani cewa faɗi ya fi tsawo tasiri. Sai ka ninka bambancin tsawo sau 4 kafin ruwa ya ninka sau 2, alhali bututun inci 2 yana ba da kusan ninki 4 na mai inci 1. Wannan gwajin duro, ka riƙa yinsa duk mako. Ranar da daƙiƙa 20 ta koma 30, ka san akwai abin da ya taɓu tun kafin ganye ya faɗa maka.

Ga mai albasa a Aliero, Sabiyal ko Kashin Zama, amfanin abin ya fi fitowa fili. Saiwar albasa ba ta nisa, ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai take so, ba ambaliya ba, kuma wadda aka cika wa ruwa dab da cira ita ce ke fara ruɓewa a rudu. Da saifon kana iya ba kowane fangali gwargwadon buƙatarsa ka ɗauke bututu ka wuce. Mai shinkafa a Mungadi ko Kimba, shi da yake son ruwa ya kwanta, sai ya jera manya biyu ko uku a fangali guda.

Akwai kuma babban saifon, ga wanda Allah ya ba tafki ko magudanar da ta fi gonarsa tudu, da gaɓa a tsakani. Wannan ya fi ƙarfin tafin hannu, a nan inji ke taimakawa. Sa bawul mai hana komawa a bakin da ke cikin tafki, sa marufi a bakin fita, sannan ka buɗe ƙofa mai murfi a ƙololuwar bututun. Ta wannan ƙofa za ka ɗura ruwa da inji har ya tumbatsa, ka rufe ta tam, ka kashe inji, ka buɗe bakin fita. Ruwa zai yi ta zuba ba tare da ɗigon mai ba. Ka bar bakin fitar a nutse cikin bokiti don kada iska ta hau ta baya, kuma ƙololuwar kada ta wuce mita 4 ko 5 sama da fuskar tafkin. Idan bayan sa'o'i ruwa ya ragu, iska ce ta taru a sama, sake ɗurawa. Bututu mai tauri ake yi da shi, tiyon leda mai naɗewa motsewa zai yi.

Dole in faɗi gaskiya a nan, domin ina ganin bidiyoyi a Facebook da TikTok na masu haɗa duro da bututu suna cewa za su ɗago ruwa daga gulbi zuwa tudu ba mai ba lantarki. Ƙarya ce. Saifon ba ya kai ruwa wurin da ya fi tushensa tsawo, ko da yatsa ɗaya. Mafi yawan gonakinmu sun fi gulbi da rijiya tudu, saboda haka inji, na fetur ne ko na gas ko na hasken rana, babu makawa sai da shi. Kada ka ba kowa kuɗinka a kan wannan.

Wani abin da ake mantawa: saifon yana iya juyowa ya cuce ka. Idan ka kashe inji alhali bakin tiyon turawa na nutse cikin ruwan gona, ruwan zai iya komawa da baya ya zube cikin rijiya, tare da duk takin da maganin da ke cikinsa. Rijiyar nan kuma da ita leburori ke alwala, daga ita yara ke sha. Ɗaga bakin tiyo sama kafin ka kashe, kuma kada ka taɓa nutsar da shi cikin duron da kake dama maganin feshi.

Idan ka toshe kafofin iska, ka matso da inji kusa da ruwa, ka miƙe tiyon turawa ba lanƙwasa, za ka tarar ba ka buƙatar buɗe wuta har ƙarshe. Inji yana shan mai fiye da kima a ƙarshen gudunsa, ruwan da yake ƙarawa kuwa kaɗan ne. Sassauta shi zuwa inda ruwa ke fita cike da bakin tiyo, ka bar shi a nan.

Ɗan'uwa manomi, ba na ce ka sauya tsarin gonarka gaba ɗaya a bana ba. Ware fangali 10, sayi bututu guda a kasuwar Jega ka yanka shi gida huɗu, ka shayar da su da saifon mako biyu kana rubuta litar man da ka zuba. Sannan ka kira maƙwabcinka na lambu ka nuna masa lissafin.