Shafin ƙarshe na tsohon littafi

Da yawanmu muna wucewa ta kasuwar littattafai a nan Makka ba mu san yaushe aka fara buga su a garin ba. A shekarar 1300 Hijira, wato wajajen 1882, gwamnan Turkawa Usman Nuri Basha ya kafa maɗaba'ar gwamnati da ake kira Miriyya. Ita ce daga baya ta koma maɗaba'ar Ummul Ƙura. Tana buga Larabci da Turkanci da harshen Malayu, kuma Shaihu Ahmad Alfaɗani, malami daga Fatani ta kudancin Tailan, shi ke duba littattafan Malayu kafin su fita. Alhazai kan saya su tafi da su gida.

Cikin abin da ake nema a lokacin har da littattafan gyaran hali. Shaihu Nawawi Albantani, wanda ya rasu a Makka a 1897, ya yi sharhin Bidayatul Hidaya ta Imam Gazali, littafin da ke bin gaɓoɓin mutum ɗaya bayan ɗaya, ido da kunne da harshe, yana nuna laifin da kowace kan jawo. Mu Hausawa mun fi sanin wannan darasi ta Ahalari, inda tun a shafukan farko yaro ke haddace sharuɗɗan tuba: nadama, barin laifin nan take, da niyyar rashin komawa. Malamai suka ƙara da mayar da haƙƙi ga mai shi.

Wannan na ƙarshen ne ya fi wuya, kuma masu ɗab'i sun san shi da kyau. Marubucin hannu in ya yi kuskure, kwafi ɗaya ya ɓata. Mai jera haruffan dalma kuwa, ɗigo ɗaya ya zame masa, ya shiga kowane kwafi, wasu ma sun riga sun hau jirgin ruwa daga Jidda. Shi ya sa a ƙarshen tsofaffin littattafai da dama za ku ga jadawalin kuskure da daidai: ga shafi, ga layi, ga abin da aka buga, ga abin da ya kamata. A ganina ba a cika samun shafin da ya fi shi gaskiya ba, ko da yake ba mai karanta shi.

Iyaye, in akwai tsohon littafin kaka a akwati, ku buɗe wa yara bayansa. Ɗalibai kuma ku zo mana da shi aji ranar Lahadi, mu ɗauki alƙalami mu bi jadawalin layi-layi, mu gyara.