Darasi na 14: Kwara ta Cika

Ku duba kogin Kwara. Ba a nan ya faro ba. Daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai, ya bi iyakar Benin, kana ya shigo ƙasar Bagudo. Ruwan da ya sauka can nesa, mu yakan iske. Shi ya sa wata rana sama garau, babu hadari, amma kogi na ta cika.

Sau biyu Kwara take cika a shekara. Cikar farko da damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwa duk laka. Ita ce mai ɓarna. Ta biyu da ɗari take zuwa, a hankali. A 2020 cikar damina ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, har da namu. Gidajen ƙasa suka zube.

Ba mu kaɗai ba ne. Ku tambayi fatake masu zuwa Kwatano. Babban birni ne a ƙasar Benin, yana tsakanin teku da tafki. A 2010 ruwa ya mamaye unguwanninsa, har aka riƙa tuƙa kwalekwale a kan titi. Me ya jawo? An yi ruwa da yawa, gaskiya ne. Amma mutane sun yi gini a fadama, shara kuma ta toshe lambatu. Ruwa ya rasa hanya, sai ya shiga ɗaki. Daga baya gwamnatinsu ta gina manyan magudanai.

Mu ba mu da teku, amma halin ruwa ɗaya ne. Mai sabon gini ya nemi tudu, ko da ya yi nisa da gona. Rumbu ma a tudu. Kafin damina, samari su fito gayya su yashe lambatu. In an yi sanarwa a rediyo cewa kogi na tasowa, kada a ce sai an gani. A fara kwashe tsofaffi da yara da dabbobi, kada kuma a cika wa jirgi kaya.

Bayan ruwa ya janye, rijiya ba ta da tsabta. A tafasa ruwa kafin a sha, don gudun amai da gudawa.

Tambaya: Ina tudun da ya fi kusa da gidanka? Rubuta sunansa.