Darasi: Ɗaukar Hoton Wata da Taurari ga Mai Farawa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙawata sama da taurari, ya sanya wata ma'aunin kwanaki ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, kowace shekara idan Sha'aban ya cika ashirin da tara, hotunan jinjirin wata sukan cika wayoyin salula tun ba a idar da magariba ba. Wani hoton na bara ne, wani daga wata ƙasa aka turo shi, wani kuma watan kwana uku ne aka ce na daren nan ne. Da haka gida ɗaya yakan rabu biyu, wani ya tashi da azumi, wani yana karin kumallo. Don haka muka ga ya dace mu koya wa samarinmu wannan aiki a kan ƙa'ida, domin wanda ya taɓa shan wahalar ɗaukar hoton wata da hannunsa ba a saurin ruɗinsa da hoton ƙarya.

Asalin fannin

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya bayyana yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje a kife. A kan wannan ƙa'ida kowace kyamara take aiki. Abdurrahman As-Sufi kuma ya zana gungun taurari a littafinsa na shekarar 964. Hoton wata da na'ura kuwa, John Draper ya yi nasarar ɗaukarsa a Amurka a 1840. Ga masu tambayar hukunci: saɓanin malamai yana kan surar abu mai rai, wata da taurari kuwa ba su cikin wannan babi.

Kayan aiki, wuri da lokaci

Ba sai an sayi kyamara mai tsada ba. Wayar da ke da sashen Pro, inda mutum ke saita komai da kansa, ta isa a fara. Babban sharaɗi shi ne kada wayar ta motsa. Wanda ba shi da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku, ya jingina wayar a kan katanga ko buhun gero, ya sa mata jinkirin sakan 10 don kada taɓawar yatsa ta girgiza ta. A goge gilashin da tsumma mai laushi, a kashe fitilar waya.

A fita bayan gari, nesa da hasken lantarki. Hazon hunturu yana dusashe sama. Dare mafi kyau shi ne wanda ya biyo bayan ruwan damina, ko na farkon kaka kafin ƙura ta taso. Mai neman taurari ya zaɓi ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa, lokacin da babu farin wata.

Mataki na farko: babban wata

A fara da watan kwana bakwai ko takwas, domin a lokacin ne inuwa ke fito da ramuka da duwatsun da ke kansa. Wata yana da haske ƙwarai. Idan aka bar waya ta zaɓa da kanta, farin dunƙule kawai za ta fitar. A sauke ISO, wato ma'aunin karɓar haske, zuwa 100, a sa lokacin buɗewa kamar 1/250 na sakan, a mai da saitin nisa zuwa ƙarshensa. Kada a yi mamakin ƙanƙantarsa a hoto, faɗinsa a sama rabin digiri ne kawai. Mai madubin hangen nesa yana iya kanga idon waya a bakinsa.

Mataki na biyu: taurari

Nan akasin haka ake yi. A ɗaga ISO zuwa 1600 ko kusa, a bar kyamara a buɗe sakan 10 zuwa 20. Idan aka wuce haka taurari sukan zama layuka, saboda ƙasa tana juyawa digiri 15 kowace awa. A gwada da Zara mai haske, sannan Kaza da ƴaƴanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Da damina, bayan isha'i, a fuskanci kudu, za a ga farin zanen taurari da ake kira Al-Majarra. Tauraron arewa kuwa, daga Maradi, Damagaram, Yamai ko Tawa, yana tsakanin digiri 13 da 15 bisa ƙasa, wato ya ɗara faɗin dunƙulen hannu kaɗan idan aka miƙa hannun.

Mataki na uku: jinjirin wata

Wannan shi ne mafi wuya. A koya da watan kwana biyu ko uku tukuna, wata bayan wata. A lura da inda rana ta faɗi, domin kusa da wurin jinjiri yake bayyana. Kada a kuskura a duba da madubin hangen nesa kafin rana ta ɓace gaba ɗaya, yana iya makantar da ido. Lokacin ɗan kaɗan ne, kuma shi ne lokacin magariba. Don haka a shirya kaya tun da la'asar sakaliya, a yi salla a wurin cikin jam'i. A sa itace ko hasumiya cikin hoton don a gane wurin. A rubuta rana da sa'a da sunan gari, a adana hoton na asali, domin turawa ta WhatsApp yadda aka saba tana goge bayanan da ke cikinsa.

Wanda ya saba da wannan zai san alamu uku: jinjirin daren farko siriri ne kamar zare, gefensa mai haske yana kallon inda rana ta faɗi, kuma sama tana da sauran ja a lokacin. Hoton da ya nuna wata mai kauri, can sama, cikin baƙin duhu, ba na daren farko ba ne.

Faɗakarwa

Ku sani, abin da na'ura ke kamawa daban, abin da ido ke gani daban. Masanin taurari ɗan Faransa André Danjon ya nuna tun shekarun 1930 cewa ido ba ya ganin jinjiri idan tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba. Amma a ranar 8 ga Yuli 2013, Thierry Legault ya ɗauki hoton wata da rana a Faransa, daidai lokacin haihuwarsa, da kayan aiki na musamman, alhali babu idon da zai iya ganinsa. Haka nan wasu wayoyin zamani suna ƙara wa hoton wata ƙawar da gilashinsu bai gani ba.

A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata da ganin adilai biyu, ko ganin jama'a mai yawa wadda ba ta haɗuwa a kan ƙarya, ko kuma cikar kwana talatin. Hoto mai taimaka wa shaida ne, ba ya zama a madadinta. Wanda ya ga wata da idonsa kuma ya ɗauka, ya kai wa liman ko hukumar da aka ɗora wa nauyin sanarwa, ya faɗi abin da ya gani, ya jira hukuncinsu. Wanda kuma aka turo wa hoton da bai san mai shi ba, ya riƙe yatsansa, domin azumin mutane da sallarsu amana ce.

Allah shi sa kallon samansa ya ƙara mana tsoronsa, shi haɗa kan Musulmi a kan gaskiya. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.