Masu tsaro a cikin jininmu

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Ƙwayar cutar sanƙarau, wadda ta yi mana ɓarna a shekarar 1995, tana ɗauke da dafi a fatarta. Dafin nan ke kawo zazzaɓi mai zafi. Fararen ƙwayoyi suna da wani sinadari, ana ce masa BPI. Yana manne wa dafin, ya ɗaure shi, sannan ya huda fatar ƙwayar cutar, ta mutu.

Amma in ƙwayoyin cuta sun yi yawa, sai dafi ya fi ƙarfin masu tsaro. Saboda haka yaron da ke zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, mu kai shi likita a ranar, kada mu jira gobe.